Jan Ƙwan Malam Awaisu

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ko aski layin da ke bayan inda motocin Bakori ke lodi a Funtua ya san Malam Awaisu mai wayarin, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai saƙale testar gwada wuta a kunne kamar biro, wanda ba ya iya wuce guntuwar waya a ƙasa bai sunkuya ya ɗauka ba. Aljihunsa na dama na filaya ne, na hagu na goro, amma an sha ganin ya laluba zai ba baƙo goro ya miƙa masa fis.

A Maska aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa ya so ya riƙe garma, shi ma bai ƙi ba, har yau yana da gonar masara a can. Sai dai yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka zo da shi Funtua kawo auduga, ya ga wani mutum ya taɓa bango, ɗaki ya haskaka. Ya roƙi mutumin ya sake. Mutumin ya sake. Ya ce don Allah a ƙara. A karo na bakwai aka kore shi daga ɗakin, amma aikin gama ya gama. Shekara uku bayan nan ya dawo garin da tabarmarsa, ya shiga koyon aiki wurin masu lantarkin wani kamfanin gurzar auduga. Wuta ta ja shi sau huɗu a shekarar farko, kuma duk lokacin da ta ja shi, in ji waɗanda suka san shi a zamanin, sai ya tashi yana dariya yana cewa, "Lallai tana nan!"

Da ya buɗe shagon kansa a ƙasan wani tsohon bene, abin da ya fara yi shi ne ɗaura jan ƙwan lantarki a saman ƙofa. Shekara ashirin da shida ke nan. Irin wannan ƙwai ba baƙo ba ne, gidaje da yawa suna da shi. In an kawo wuta sai ya kunnu, mai gida ya kashe janareto ya juya layi. Amma na sauran mutane ko wuta mai rauni aka kawo, irin wadda fanka ke juyawa kamar mai azumi, sai ya kunnu ya ruɗi mutum. Shi kuwa Malam Awaisu ya yi wa nasa wata dabara a cikin gwangwanin madara, wadda bai taɓa buɗe wa kowa ba. Ƙwansa ba ya kunnuwa sai wutar ta cika, ta isa ta ja inji.

Sannu a hankali mutanen layin suka daina gyara nasu in ya mutu. Me za a yi da shi? Mai walda, teloli, mai sayar da ƙanƙara, kowa ya koyi ɗaga kai yana cikin aiki. Wanda ya fara ganin ja sai ya kwarara ihu, "An kawooo!" Ihun ya bi layi daga wannan baki zuwa wancan, janaretoci su mutu ɗaya bayan ɗaya, har ka ji kukan kurciya a kan darbejiya. Shi mai ƙwan bai taɓa yin ihun ba. Zama yake yi a benci ya gyara hula, kamar shi ya aiko da wutar daga aljihunsa.

Mutum biyu suka fi kowa dogara da ƙwan. Ta farko Maman Toma mai injin niƙa, 'yar Gozaki, wadda sunanta na yanka Rahab amma ba mai kiranta haka sai fasto. Injina biyu gare ta, na dizal da na lantarki, bel kuma ɗaya. In an kawo wuta sai ta kashe na dizal ta cire bel ta ɗora wa na lantarki. In an ɗauke ta mayar, ta kama hannun na dizal ta yi ta juyawa har ya tashi. Aikin ƙarti ne, ita kaɗai take yi, don haka ba ta son a sa ta yi a banza. Na biyu Kamalu mai aski, wanda janaretonsa ke da zuciya. In aka kashe shi da zafinsa sai ya yi fushi, ba ya sake tashi sai ya huce.

Bara sai saman benen ya samu 'yan haya. Kausar, 'yar wani ɗan kasuwar hatsi da ta gama karatun kwamfuta a Zariya, ta kama wurin ita da abokan aikinta uku. Manhaja suke rubutawa, wadda ke aika wa manoma saƙo a waya: yaushe ake sa ran ruwa, a wane yanki tsutsa ta faɗa wa masara. Sola suka sa a rufi, ba ruwansu da a kawo ko a ɗauke, abin da ya sa Malam Awaisu yake gaishe su da ɗan sanyi-sanyi, kamar yadda mai unguwa ke gaida wanda bai taɓa kawo ƙara ba.

Ran nan da safe sai ga Kausar a ƙofar shagonsa.

"Baba Awaisu, fitila nake so."

"Fitila kuma, Injiniya? Ku da kuka ɗaure rana a kan rufi?"

"Ba ta gani ba. Ta tona asiri."

Ya kakkaɓe mata benci. Ta ce, "Ka ga mu huɗu ne muke rubuta abu ɗaya. Kamar a ce mutum huɗu suna wayarin gida ɗaya, kowa da ɗakinsa."

"Allah ya kiyaye. Na taɓa gani. Gobara aka yi."

"To mu ma muna yin tamu. Duk wanda ya gama nasa ya tura, akwai kwamfutar da ke haɗa na kowa wuri ɗaya ta gwada. Haɗi muke ce masa. In haɗin ya yi, shi ke nan. In bai yi ba tana turo saƙo, amma saƙon cikin ɗari yake faɗawa, ba mai dubawa. Makon jiya kwana biyu muna gini a kan ɓarna. Mahadi ne ya yi ta, kuma ya fi kowa tambayar wa ya yi."

Mahadi shi ne babba a cikinsu, magidanci mai gemu da tabarau, wanda ke saukowa sallah da takalmi ƙafa daban-daban.

Kausar ta buɗe tafin hannunta, ga wani ɗan allo bai fi kwalin ashana ba. "Wannan shi zai riƙa jin labari daga kwamfutar. Amma ƙarfinsa bai fi na sauro ba, ba zai iya kunna ƙwan kirki ba. Ina son ka haɗa masa ƙwai biyu. In haɗi ya yi, kore ya kunnu. In ya lalace, ja. Kowa ya gani daga kujerarsa, ba sai ya buɗe saƙo ba."

Malam Awaisu ya sauke testa daga kunne. "Tsaya, 'yata. Wa zai taɓa makunnin?"

"Kwamfuta."

"Ba hannun kowa?"

"Ba hannun kowa."

"Tana ina, ita kwamfutar? Wacce ce a cikin naku?"

"Ai ba ta nan, Baba. Tana can wata ƙasa, haya muke yi."

Ya ƙura wa allon ido. Sannan a hankali ya ce, "Wato wani abu a wata ƙasa zai kunna ƙwai a Funtua. Ta wayar da ni Awaisu na murɗa." Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "Kawo sauron nan!"

Kwana uku bai karɓi aikin kowa ba. Mai fanka ya zo ya ce ya dawo jibi, mai dutsen guga ya zo ya ce ai yamutsattsen kaya ma ado ne. Ya ƙera ɗan akwati da katako, ya goge shi da sanfefa har yana sulɓi, ya samo ƙananan makunnai masu ƙyas-ƙyas waɗanda ɗan ƙarfin allon zai iya motsawa. Koren ƙwai ya sayo a kasuwa. Jan kuwa daga katon ɗinsa ya ɗauko, ɗan'uwan wanda ke saman ƙofarsa, don ya ce duk wani ja a garin nan ruwan hoda ne. Bai gaya wa kowa a layin ba. So yake ya ba su mamaki.

Ranar Alhamis da hantsi ya hau bene da akwatin lulluɓe da ƙyalle. Kausar ta nuna masa bangon da ke fuskantar teburansu. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba zai riƙe ƙusa ba. Siminti bai ji ba. A taga za mu ajiye."

Ya ɗora akwatin a dandamalin taga, kuma da gangan bai yi masa marfin baya ba, don na ciki su gani, na waje ma su gani. Mutum ya yi shekara arba'in yana gyaran fanka, yau ya haɗa waya da wata ƙasa, sannan a ce ya ɓoye a ɗaki? Tagar kuwa tana daidai saman ƙofar shagonsa, tsakaninta da tsohon ƙwan bai fi kamu biyu ba. Gilashinta kullum a rufe yake saboda ƙarar injina da garin niƙa. A ranar kwana huɗu ke nan ba a kawo wuta ba, layi gaba ɗaya wuyansa ya gaji da ɗagawa.

Aka jona. Ƙyas! Kore ya kunnu. Malam Awaisu ya dafe ƙirji.

"Daga can?"

"Daga can, Baba."

"Ikon Allah! To jan fa?"

"Sai an yi ɓarna."

Duk suka juya suka kalli Mahadi.

"Ni kuma? Me ya sa ni?"

"Kai ka fi ƙwarewa," in ji Kausar.

Mahadi ya gyara tabarau, ya goge wani ɗan ɗigo a cikin rubutunsa, ya tura. Aka jira. Malam Awaisu ya durƙusa gaban akwatin kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Minti biyu, sai ƙyas! Kore ya mutu, ja ya tashi jawur.

"Allahu akbar!" Ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. "Ya gani! Daga can ya ga ɗigon! Mahadi, an kama ka!"

Daidai nan sai wata hayaniya ta taso daga ƙasa, ta ratso gilashi. Malam Awaisu ya leƙa, ya ga layi kaf an ɗago kai ana kallon wajensa, har da masu tafi. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kun gani? Mutanen nan sun san aiki. Gyara, Mahadi, mu ga koren. Yauwa! To sake ɓatawa."

"Baba, ai mun gwada."

"Sau ɗaya gwaji ne? A ƙara!"

A ƙasa kuwa, da ganin ja, ihun "An kawooo!" ya bi layi kamar yadda ya saba. Janaretoci suka mutu. Maman Toma ta kashe dizal, ta cire bel, ta ɗora wa na lantarki, ta danna. Shiru. Ta ɗaga kai, babu ja. Ta ce oho, kawowa suka yi suka ɗauke. Ta mayar da bel, ta tofa yawu a hannu ta juya dizal har ya tashi. Tana zuba masarar farko sai ga ja kuma, sai ga ihu kuma.

Kamalu yana tsakiyar kan Alhaji Bature, dillalin masara, ya gama gefen dama ke nan. Ya kashe janareto, ya juya layi, ya danna kilifa. Ko motsi.

"Yanzu za su dawo da ita, Alhaji. Gwaji suke yi."

"Kamalu, ɗaurin aure zan je ƙarfe sha ɗaya."

Kamalu ya koma kan janareto ya ja igiya. Ya ja, ya ja. Janareto ya ce bai san zance ba.

Sau biyar jan ya kunnu a safiyar. A na biyu kowa ya sake yarda, don ƙwan Malam Awaisu ne. A na uku rabin layi suka yarda. Duk lokacin da ya leƙo yakan ga ana ɗago masa hannu da ƙarfi, shi ma sai ya ɗaga nasa biyu, yana washe baki.

Ana shirin na shida sai aka ji takun mutum a matakala, irin takun da ke sa ƙura ta zubo daga silin. Ƙofa ta buɗe. Maman Toma ce, fara fat da gari tun daga ɗankwali har silifa, bel a hannu. Ta bar matan da ke jiran niƙa ta tako har gindin benen, a nan ta gano cewa jajayen biyu ne.

"Maman Toma! Kin zo gani? Shigo, shigo! Mahadi, ɓata mata sau ɗaya."

"In ya ɓata sai na niƙa shi."

Mahadi ya janye hannunsa daga kwamfuta ya sa a aljihu.

"Malam Awaisu, sau uku na cire bel ɗin nan. Sau uku na tada dizal da hannun nan. Ga Alhaji Bature can ya tafi ɗaurin aure da rabin kai, ya danna hula har kunne. Mu muna can muna ta faman juya layi, kai kana nan kana ɗaga mana hannu kamar ɗan takara."

Malam Awaisu ya kalli akwati, ya kalli taga, ya kalli Maman Toma.

Ya sauko ya bi layi shago-shago yana ba da haƙuri. Aka yi dariya sosai, don ba a iya fushi da shi ya daɗe. Ya bayyana wa kowa: na sama na 'yan kwamfuta ne, na ƙasa shi ne na wuta. Har ya tsaya yi wa mai walda bayanin wata ƙasa da ɗigon Mahadi, ya manta haƙuri ya zo bayarwa. Akwatin kuwa ya bar shi a taga. Ai an yi bayani.

Sai dai daga bakin layi, cikin rana, kamu biyu ba tazara ba ce. Ja dai ja ne. Washegari aikin sama ya kankama, haɗi ya lalace sau huɗu ba da gangan ba, sau huɗu wani ya fara ihu ya haɗiye. Wani tela ya kashe janareto sau ɗaya, ya kunna yana ƙunƙuni.

Ranar Asabar wajen ƙarfe goma aka kawo wuta. Ta gaske, cikakkiya, irin wadda ke sa firji ya yi ajiyar zuciya. Tsohon ƙwai ya kunnu. Malam Awaisu ya zauna a benci ya gyara hula, yana jira.

Ba ihu. Janaretoci suka ci gaba da rurinsu.

Ya ƙara jira. Ya yi tari. Daga ƙarshe ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin da shida, ya fito tsakiyar layi ya ɗaga murya da kansa.

"Jama'a, an kawo fa!"

Kamalu ya leƙo. "Baba, wanne ne? Na sama ko na ƙasa?"

"Na ƙasa! Nawa!"

"To, bari mu gani." Ya ciro cajar waya ya soka a soket ɗin wutar gari, ya tsaya yana kallon wayar. Sai da ta nuna tana caji sannan ya kashe janareto. Maman Toma ko kai ba ta ɗaga ba. Da dizal ta gama niƙan ranar, wuta na nan a banza har la'asar.

Malam Awaisu ya koma benci. Mai shayin da ke gefensa ya ce ya ji yana magana shi kaɗai: "Yau caja ake tambaya. Ina zaune, caja ake tambaya."

Da azahar ya hau bene, ba sallama mai tsawo.

"Injiniya, magana ɗaya na zo da ita. Ku daina ɓarna."

"Baba?"

"In ba ku ɓata ba, jan ba zai kunnu ba. Shi ke nan, kowa ya huta. Kai Mahadi, ka riƙa natsuwa. In kuma ka ji za ka yi kuskure, ka sauko ka gaya min tukuna in sanar da layi."

"Baba, da na san zan yi, ai da ban yi ba."

Kausar ta danne dariyarta, don ta ga fuskarsa ba ta wasa ba ce. Ta jawo masa kujera. "Baba, jan nan dole ya kunnu. Don haka muka sa shi. Da, ɓarna kan kwana biyu ba mu sani ba. Jiya ba wadda ta wuce minti goma, don duk wanda ya ga ja sai ya ajiye abin da yake yi. Fitilarka ta yi aiki fiye da yadda na zata. Ranar da ta daina yin ja, ko dai mun daina aiki, ko ta mutu."

"Ta yi aiki?"

"Sosai."

Fuskarsa ta ɗan saki, sannan ta sake ɗaurewa. "To ni kuma nawa fa?"

"Mu mayar da ita bango, kamar yadda na ce da farko."

"Bangon nan ba ya riƙe ƙusa."

Kausar ta ɗaga kai ta kalli ƙaton agogon da ke rataye a bangon, da allon rubutu mai nauyin rabin buhu da ke gefensa. Shi ma ya kalla.

"Yana riƙewa," in ji Malam Awaisu a hankali.

Amma bai ɗauke akwatin daga taga ya kai bango haka kawai ba. Cire shi ya yi, ya rungumo, ya sauko da shi cikin rana, ya bi layi tun daga mai ƙanƙara har mai walda. A kowace ƙofa sai ya tsaya ya ɗaga shi sama.

"Ga shi nan, ku gan shi da kyau, don ba za ku sake ganinsa ba. Daga yau ja ɗaya ne a layin nan."

Wasu suka shafa. Wani tela ya ce wallahi aiki ya yi kyau, Malam Awaisu ya ce, "Ko? Dubi ta nan ma," sannan ya tuna abin da ya fito da shi ya wuce. A ƙofar Maman Toma ya fi daɗewa. Ta dubi akwatin, ta ce, "Na ji," ta ci gaba da aikinta. Ya koma sama, ya yi wa akwatin marfin baya, ya kafa shi a bango da ƙusa huɗu, ko ɗaya ba ta yi gardama ba.

Da la'asar ɗin nan aka ɗauke wuta, ba a kuma dawo da ita ba. Lahadi, Litinin, Talata. Lokacin noman farko ne, ciyawa na cin masararsa a Maska, aka aiko masa sau biyu, ya ce yana nan tafe. Bai je ba. Kullum yana kan benci a ƙarƙashin ƙwan, ya goge shi da ƙyalle da safe, ya sake gogewa da rana. In Mahadi ya sauko sallah sai ya raɗa masa, "Baba, kore ne tun safe," shi kuma ya gyaɗa kai, ido na sama.

Ranar Laraba, ana fitowa daga sallar azahar, ƙwan ya kunnu.

Malam Awaisu ya gani. Ya kama gefen benci da hannu biyu, ya rufe bakinsa gam. Wannan karon ba zai ce komai ba.

Layi ma ya gani. Tela ya tsaya da ƙafa a kan keke. Kamalu ya fito da caja a hannu, amma bai soka ba. A sama, kawuna huɗu suka jeru a bayan gilashi. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya kashe janareto. Kamar an haɗa baki, kowa ya juya ya kalli rumfar niƙa, don duk layin ba wanda juya layi ke ci wa jiki kamar mai ita.

Maman Toma na da mata shida a layi, da bokitan jiƙaƙƙiyar masara. Ta ɗaga kai ta kalli ƙwan. Ta kalli tagar sama, ba komai sai fuskoki. Ta kalli dattijon da ke kan benci, wanda ya ƙura wa ƙasa ido kamar an ce masa kuɗinsa ya faɗi a wurin. Ta goge hannu a zani.

Ta kashe dizal.

Ta cire bel, ta ɗora wa injin lantarki, ta ja shi da ƙafa ya zauna daidai. Wata daga cikin matan ta ce, "Maman Toma, ki bari a gwada da caja mana." Maman Toma ta kai hannu ga makunni. Ta danna.

Injin ya yi wani ɗan gurnani, ya ja numfashi, sai ya ɗauka, wuuuu, bel na gudu sumul.

"An kawooo!"

Muryar Maman Toma ce, wadda ta saba yin magana a kan ƙarar dizal, don haka har direbobin Bakori sai da suka waiwayo. Layi ya ɗauka gaba ɗaya. Janaretoci suka mutu bi da bi, Kamalu ya jefa caja a aljihu ya kashe nasa, a sama aka zuge gilashi ana tafi, Mahadi na kaɗa tabarau a iska.

Malam Awaisu ya tashi, ya taka har rumfar niƙa. Ya tsaya kusa da ita, ya ɗaga murya don ta ji.

"Maman Toma, na gode."

"Da me? Wuta aka kawo, na juya. Matsa min, kana tsaye a kan buhu."

Ya matsa. Amma bai tafi ba. Yana nan tsaye gefen injin, hannu a baya, har aka niƙe bokiti na uku, gari na sauka a hularsa da gemunsa, bai kakkaɓe ba.